Manomin Kura Ba Zakaran Gwajin Dafinku Ba Ne

Kusan kowace kaka sai an zo mana da sabuwar manhaja. Wannan ta rajistar manoma ce, waccan ta rabon taki, ga ta bashin noma, ga wadda aka ce za ta haɗa mai tumatir da mai saye ba dillali a tsakani. A kira taro a otal a cikin birni, a haska allo, a tafa, a ci abinci a watse. Bayan wata biyu ka hau titin Zariya ka tsaya a Kura, ko ka karkata Bunkure ka tambaya. Za ka tarar abin ya mutu murus, ko kuma yana nan da ransa yana gana wa bayin Allah azaba. Na daɗe ina haɗiye wannan takaici. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne sana'ata ce, na kuma san mafi yawan abin da ke kashe waɗannan manhajoji ana iya gano shi cikin mako guda, da kuɗin da bai kai na hayar ɗakin taron ba. Ba a nema ne, domin masu abin ba sa son su sani.

Masu rubuta manhaja suna da wata hanyar aiki da suke kira ajayil, wadda ta yi tashe tun bayan da wasu mutum 17 suka haɗu a jihar Yuta ta Amurka a Fabrairun 2001 suka fitar da ƙa'idojinta. Gundarinta shi ne kada a shafe shekara ana gini a ɗaka sannan a fito da abu gaba ɗaya a jibga wa mutane. A yanka aikin gunduwa-gunduwa, mako ɗaya ko biyu, a gina kaɗan, a nuna wa mai abin, a gyara, a ƙara. Kafin a shiga kowane zango ma'aikatan kan zauna su ƙiyasta nauyin kowane aiki. To, wani lokaci akan iso kan aikin da kowa zai yi tsit, saboda akwai wata tambaya kwance a ƙarƙashinsa da babu wanda ya san amsarta. Na'urar za ta karanta yatsan kuwa? Saƙon zai isa? Rumbun bayanan banki zai amsa mana cikin daƙiƙa biyar, ko sai an yi minti biyu ana jira? Don irin wannan wuri ne su Kent Beck da Ward Cunningham, waɗanda suka assasa wani reshe na wannan hanya tun cikin shekarun 1990, suka zo da abin da suke ce wa sifaik, wato gajeren gwajin share fage.

Sharuɗɗansa ba su da wuya. A rubuta tambaya guda tak, wadda amsarta za ta iya sauya shawara. A yanka mata wa'adi, kwana biyu ko uku, in ta yi tsawo mako guda, kuma in wa'adin ya cika a tsaya ko an gama ko ba a gama ba. A ba mutum ɗaya ko biyu. Su harhaɗa ko wane irin tarkace ne da zai iya amsa tambayar, ba ado, ba launi, ba hoton kowa a fuskar allo. Su tafi inda abin zai yi aiki su gwada, su dawo su faɗi abin da suka gani ba ragi ba ƙari. Daga nan a watsar da tarkacen, domin amsar aka aike su nema, kuma sun kawo ta. Manomin shinkafa ba sai an yi masa dogon bayani a nan ba. In ya sayo iri a kasuwa bai amince da shi ba, kafin ya zuba yakan ɗebi tafi guda ya jiƙa, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya ba shi 'yan kwanaki ya ga nawa suka tsiro. Waɗannan 'yan tsirrai ba dasa su zai yi ba. Ya dai san ko zai zuba kuɗinsa a ƙasa ko zai mayar wa mai iri kayansa.

An taɓa yin makamancin wannan a nan Kumbotso, duk ƙasa kuma ta amfana. Ranar Asabar 7 ga Maris 2015, saura mako uku zaɓen shugaban ƙasa, hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta fito da na'urar tantance katin zaɓe ta gwada ta a mazaɓu 12 cikin jihohi 12, biyu daga kowace shiyya. Ta Kano ita ce mazaɓar Ɗan Maliki. Mutane suka fito da katunansu suka yi layi, ba don kaɗa ƙuri'a ba, don a ga ko na'urar za ta gane su. Amsar ba ta yi daɗi ba. Na'urar tana karanta kati lafiya lau, amma a jimlar jihohin kashi 59 cikin ɗari ne kawai yatsunsu suka shiga, ta ƙi kashi 41. Hukumar ba ta binne wannan ba. Ta fito ta faɗa, ta kuma tsaya a kan takardar da za a cike wa wanda katinsa na gaskiya ne amma yatsansa ya ƙi. Ranar 28 ga Maris na'urar ta yi gardama a wurare da dama, har ta ƙi Shugaba Jonathan a Otuoke a gaban kyamarori, amma akwai mafitar da aka tanada, kuma an san za a buƙace ta.

Duk da haka gwajin ya zo a makare. An yi shi ne bayan an riga an sayo na'urorin, kuma da an yi zaɓen a ranar da aka fara tsayarwa, 14 ga Fabrairu, da bai ma samu ba. Gwajin share fage na gaskiya kafin a sa hannu a takardar saye ake yin sa. Amma ko a makaren ya bar mana ilimin da babu mai hujjar cewa bai ji ba. Ka kama hannun mutumin da ya wuni yana dashe a cikin taɓo, ko na matar da ke turara shanshera a Kura tana juya ta a bakin wuta, ko na yaron da ke ɗaurin kwandunan tumatir. Fatar babban yatsan ta yi kanta, ta tsattsage, zanen ya shafe, in hunturu ya shigo kuma ta bushe ƙamas. Ga mata da lalle. Duk wanda ya zo bayan 2015 ya ɗora tallafin manomi kacokan a kan dangwala yatsa, bai kai na'urarsa bakin gona ya gwada ba, bai kuma tanadi wata hanya ba, ganganci ya yi da abincin mutane.

Haka zancen sabis. A 2012 Ma'aikatar Gona ta Tarayya, zamanin minista Akinwumi Adesina, ta fito da tsarin rabon taki ta waya. Niyyar mai kyau ce, ba na musu: a datse masu karkatar da taki, a tura wa manomi saƙo kai tsaye, ya je wurin dila ya karɓi buhu biyu, kamfa da yuriya, a rabin kuɗi. Miliyoyi sun yi rajista, mutane da yawa kuma sun ga takin gwamnati da idonsu karon farko. Amma duk wanda ya zauna a karkara a shekarun nan ya san kukan. Wannan ba shi da waya, wancan saƙonsa bai shigo ba, wani ya zo da saƙon amma wurin rabon babu sabis da za a tabbatar. Sai a 2014 cibiyar bunƙasa taki ta IFDC ta gwada wani kati mai aiki ko babu sabis, a Sakkwato da Abuja. Maganin rashin sabis ya iso ne bayan tsarin ya game ƙasa, bayan damuna biyu ta wuce. Shekara goma da ɗoriya ke nan da wannan darasi, amma har gobe ana kawo mana manhajar da ba ta motsi sai da data.

An taɓa kira na wani zama a cikin birni, inda wani kamfani ya nuna manhajar rajistar manoman rani da aka ba shi kwangila. Ta yi kyau a allo. Kana danna nan taswira ta fito, kana danna can hoton manomi ya bayyana, komai yana gudu a kan intanet ɗin otal. Da aka ba da damar tambaya na ce, "Yallaɓai, an kai wannan gona an gwada?" Shugaban tawagar ya yi murmushi ya ce, "Malam, wannan ai sai mataki na biyu. Yanzu lokaci ya ƙure mana, ƙarshen wata za a ƙaddamar." Na ce a ba yara biyu waya ɗaya da kuɗin mota su kwana biyu a gonakin Kadawa. Aka ce an ji, za a duba.

Na ga mataki na biyun da idona, a harabar wata firamare. Tun da hantsi aka tara mutane. Yaron da aka turo da na'urar ya hau kan benci ya ɗaga ta sama yana juyawa gabas da yamma, allon ya yi zafi, hasken rana ya hana shi ganin rubutun, sai ya kare da hularsa. In ya cike bayanan mutum ɗaya ya danna aikawa, abin ya yi ta juyi, ya katse, komai ya goge, a sake daga farko. Wajen azahar wani dattijo ya matso ya ce, "Ɗana, in ba za ta yi ba ka faɗa mana gaskiya. Yau ranar ruwanmu ce." Yaron ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, sabis ne." Ba laifinsa ba ne. Shi ma turo shi aka yi, kuma idonsa ya ciko.

Wanda bai san noman rani ba ba zai ji nauyin maganar dattijon nan ba. Ruwan kanal bi da bi ake sakinsa. In ranarku ta wuce kana tsaye a layi, sai ta sake zagayowa, tumatir da ya fara fure kuwa ba ya jin haƙuri. Ga 'yan ƙwadagon da ya ɗauka suna zaune, ga kuɗin acaɓa zuwa da komawa, ga gobe an ce a sake dawowa. Babu takardar kwangilar da ake rubuta wannan asara a ciki. Kamfanin ya yi gwajinsa dai, a kan mutane ɗari-ɗari maimakon goma, ba da saninsu ba, kuma su suka biya kuɗin gwajin daga aljihunsu.

Tambayoyin da ke kashe irin wannan aiki a yankinmu ba ɓoyayyu ba ne. Ɗauki awon gona. Kowace manhaja yanzu tana alfahari da cewa ma'aikaci zai zagaya gona da waya ta fitar da girmanta. Wayar hannu takan yi kuskuren 'yan mitoci wajen gane inda take. A gonar hekta ɗari wannan ba komai ba ne. Amma gonakinmu ƙanana ne. Kwatan hekta mita 50 ne tsawo, 50 faɗi. In wayar ta ƙara mita 5 a tsawo da 5 a faɗi, ta mayar da murabba'in mita 2,500 zuwa 3,025, ƙarin kashi 21 cikin ɗari. In da wannan awo za a yanka kuɗin ruwa ko a ba da bashi, an zalunci wani, an kuma fifita wani, kuma kowa zai ce ai kwamfuta ce ta faɗa. Gwajin wannan yini guda ne: gonaki goma, igiyar awo, wayoyi iri uku, a kwatanta.

Akwai wadda ta fi wannan zurfi, ba a kuma buƙatar rubuta ko layi ɗaya na manhaja kafin a amsa ta. Wane ne manomin? Fom ɗinsu gurbi ɗaya ne: suna, lambar waya, gona. A ƙasa kuwa gonar sunan marigayi take ɗauke da shi a takardar hukuma, magada sun raba ta da kunya-kunya, ɗayansu ya ba da tasa jingina, wanda ya karɓa ya ba wani haya na rani ɗaya, shi kuma da damuna wani ne zai shiga. Wa za a tura wa taki? Wa za a bi kuɗin ruwa? In an gina rumbun bayanai a kan cewa gona ɗaya mutum ɗaya ne, gyaransa daga baya rushe gini ne tun daga tushe. Zaman yamma guda da shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa, da takarda da biro, zai fito da wannan fili. Haka zancen waya. Gida guda waya ɗaya, ƙarama mai tocila, rabin yini tana wurin mai caji. Layin da aka yi rajista da shi bara ya ɓata, ko an rufe shi kan lambar zama ɗan ƙasa. Saƙon ya shigo da Turanci, mai wayar ajami yake karantawa, sai ɗansa ya dawo daga makaranta. Mun kuma ga yadda a Satumbar 2021 aka kashe layukan sadarwa a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato saboda tsaro. Wanda ke gina wa Arewa manhaja bai tambayi kansa yadda za ta yi in sabis ya ɗauke ba, bai san inda yake aiki ba.

To me ya hana? Ba jahilci ba ne, yawancinsu sun fi ni karatu. Yadda ake ba da kwangila ne ya haramta gaskiya. Ana rubuta komai tun farko, allo nawa, na'ura nawa, wata nawa, a yanka kuɗi, a biya kafin alƙalami, a tsayar da ranar ƙaddamarwa kafin a buɗe kwamfuta. A cikin wannan tsari babu layin da aka ware don mutum ya je ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, ba za ta yi ba." Wanda ya faɗi haka ya kashe kwangilar ubangidansa, ya hana jami'i kasonsa, ya ɓata wa mai ba da tallafi rahoton ƙarshen shekara. Wanda ya yi shiru ya gina abin da ya san zai faɗi, an biya shi cif, in ta faɗi kuma a sake ba shi kwangilar gyara. Kowa a cikin ɗakin nan yana da riba a rashin sani. Mutum ɗaya ne ke da asara, shi kuwa ba a gayyace shi ba. Sai su ce babu lokaci. Ƙarya ne. Akwai lokacin buga riguna da huluna, akwai na ɗinka tuta, akwai na zuwa Abuja sau uku a gyara jawabin mai girma. Kwana biyu a Kadawa ne babu.

In kuma an matsa musu, sai su yi na ganin ido. A zaɓi ƙauyen da ke bakin kwalta, gindin ƙarfen sabis, a zaɓo matasa masu sakandare, a raba musu sababbin wayoyi, mai unguwa ya ja musu kunne kada su ba da kunya a gaban baƙi, a ɗauki hoto, a rubuta cewa an gwada an yi nasara. Gwajin da aka shirya shi yadda ba zai iya faɗuwa ba yaudara ce, ya ma fi rashin gwajin illa, domin yana ba da takardar shaidar da za a rufe bakin mai tambaya. Na gaskiya yakan nufi wurin da aka fi tsoro ne: gonar da ke can ƙarshen kanal inda sabis ke sanda ɗaya, tsohon da bai taɓa riƙe babbar waya ba, tsakar ranar watan Afrilu.

Wannan na nufar wurin da aka fi tsoro shi ne abin da ya kuɓuce wa hukumar zaɓe a 2023. Ba maganar wa ya ci wa ya faɗi nake ba, maganar aiki nake. Shafin nan na IReV da ake ɗora hoton takardar sakamako ya yi aiki a zaɓukan cike gurbi, ya yi a na gwamnan Ekiti da na Osun a 2022. Ranar 4 ga Fabrairu hukumar ta yi gwajin tantance masu zaɓe a rumfuna 436. Amma ranar 25 ga wata sakamakon 'yan majalisa yana hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi, sai da dare aka samu ya fara shiga. Bayanin da hukumar ta bayar da kanta a rahotonta shi ne tsarin yana jera kowane zaɓe ne a ƙarƙashin wata jiha. Na gwamna yana da jiha, na sanata yana da jiha, na shugaban ƙasa kuwa mazaɓarsa ƙasar ce baki ɗaya, sai rumbun ya rasa inda zai ajiye shi. Abu ɗaya da yake sabo fil a ranar, a kansa aka faɗi. In bayanin nan haka yake, ma'aikaci ɗaya da takardar gwaji guda ta zaɓen shugaban ƙasa zai iya cin karo da matsalar tun watanni kafin ranar. Abin da aka rasa a 'yan sa'o'in nan yardar miliyoyin mutane ce, har yau kuma ba ta dawo ba.

A daidai wannan lokaci mu a nan wata wutar muke sha. Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun 200 da 500 da 1,000 a ranar 26 ga Oktoba 2022, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris. Duk lissafin ya dogara ne a kan zato guda, cewa in tsabar kuɗi ta ɓace, manhajojin bankuna da na'urorin POS za su ɗauki nauyin cinikin ƙasa. Wa'adin ya faɗo tsakiyar kakar tumatir. A Kwanar Gafan mai saye ya tura kuɗi, an cire masa, alat bai shigo wa manomi ba, mota tana jira, kwanduna suna zubar da ruwa a rana. Masu tsinka da masu dako kuɗin hannu suke so, da yawansu ba su da asusu. Manomi ya sayar a wulaƙance ga duk wanda ke da tsaba. Zaton da aka ɗora ƙasa a kansa abin gwadawa ne a kasuwa ɗaya cikin mako ɗaya, a ƙirga tiransifa nawa ta shiga nawa ta maƙale, a ga wa ya rasa abincin dare.

Ƙannena masu rubuta manhaja, 'yan jami'ar Bayero da 'yan jami'ar Wudil da waɗanda suka fito daga shirin koyar da fasaha na 3MTT, ku ma ba zan ƙyale ku ba. Kun fi son ɓangaren da ke da daɗi. Mako uku kuna gyaran launin maɓalli da shafin shiga, abin da kuka riga kuka iya, ɓangaren da ke ba ku tsoro kuna tura shi ƙarshe, har ya zo ya same ku saura kwana uku a miƙa aiki. Ku juya jerin. Abin da kuka fi jin faɗuwar gaba in an ambace shi, da shi za ku fara ranar Litinin ta farko. Ku kuma kiyayi abu biyu da na ga suna lalata wannan hanya a hannunmu. Na ɗaya, gwajin da ba shi da wa'adi: a ce ana bincike, wata ya wuce ana bincike, babu tambaya a rubuce balle amsa. Na biyu ya fi haɗari. Kun harhaɗa tarkace cikin kwana biyu, ya yi aiki sau ɗaya, oga ya leƙo ya gani ya ce ai an gama, a sa masa tambari a kai wa mutane. Tarkacen nan ba shi da tsaro, ba ya jure cunkoso, kuma sunayen mutane da lambobin asusunsu za a zuba a ciki. Ku gaya masa tun kafin ku fara cewa wannan na zubarwa ne, ku rubuta, ya sa hannu. In kun dawo daga gona ku rubuta shafi guda: ga abin da muka tambaya, ga inda muka je, ga mutum nawa, ga nawa ta ƙi, ga shawararmu. In amsar a'a ce, ku rubuta a'a.

Kanal ɗin da muke taƙama da shi ma da kaɗan ya fara. Zamanin Gwamna Audu Bako, ruwan farko da ya shiga gonakin gwaji na Kadawa daga ƙaramar madatsar Bagauda ya fito, a wajajen 1970, kafin a kammala madatsar Tiga a 1974, kafin magudanai su miƙe cikin Kura da Bunkure da Garun Malam a aikin da aka tsara wa hekta 22,000. Har yau cibiyar binciken noma ta Samaru tana da tasha a Kadawa. Sai dai gonar gwajin ta amsa abin da aka tambaye ta ne kawai, ko alkama da tumatir za su yi a ƙasar nan da rani. Abin da tare ruwan zai jawo wa mutanen fadamar Haɗeja da Nguru, da kacallar da ta zo ta toshe musu hanyoyin ruwa, ba a Kadawa za a gan shi ba. Shi ya sa rubuta tambayar bai kamata a bar wa injiniya shi kaɗai ba. Wanda abin zai faɗa wa a ka ya fi kowa sanin inda yake tsoro.

Ga abin da nake nema, ba kuma alfarma ba ce. Duk kwangilar manhajar da za ta taɓa manomi, a ware kason farko na kuɗinta don gwajin share fage, a biya shi ko amsar ta zo da e ko da a'a, kuma kada a saki sauran sai an ga shafin sakamakon. Hukumar NITDA, da ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatun tarayya kafin a fara, ta riƙa tambayar wannan shafi. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da hukumar noma ta jiha, KNARDA, su daina ara wa kowane baƙo malaman gona da sunan hukuma don tara jama'a a kan abin da ba a taɓa kai wa gona ba.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyin manoma da na masu amfani da ruwa, iyayena, ƙarfin yana hannunku fiye da yadda kuke zato, domin babu rajistar da za ta yiwu in ba ku yi shela ba. In sun zo, bayan gaisuwa ku tambaye su a wace gona aka gwada, mutum nawa, nawa ta ƙi karɓa, kuma in sabis ya ɗauke ko yatsa ya ƙi, wace takarda za a cike a sallami mutum ya koma aikinsa. Ku nemi sunan ƙauyen, ku buga waya ku ji daga bakin mutanensa. In sun fara kame-kame, kada ku tara musu kowa. Su koma su turo yara biyu da waya ɗaya, ku ba su gonaki goma a ƙarshen kanal, a ranar da ba ta ruwa ba.